Ƙasarin Akuyar Inna Habsatu

"Ajiye ƙarfen nan, Illo. Na ce ka ajiye."

"Shi zan sa, Kawu."

"Wannan taɓarya? A ƙarƙashin motar da ba ta kai jaki tsayi ba?"

Illo bai ajiye ba. Ya ƙara rungume shi. Ƙarfe ne dogo, lanƙwasasshe ta baki biyu kamar ƙahon sa, kowane baki da huda uku. Bar suke ce masa a garaji. Shi ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, ya hana mota karkata idan ta shiga biraj, wato lanƙwasar hanya. A bayan garajin Kawu Alkasum akwai irinsa guda biyar, masu kauri da sirara, tarkacen da Anasara masu tseren hamada suka bari a Agadas.

"Mai kauri gaba, mai kauri baya, a hudar ciki," in ji Illo. "Haka takardar Anasaran ta ce."

"Takarda! Ɗan lakwal ke nan, sai karatun boko. Takardar ta taɓa zuwa Dabaga?"

Abin da ya kawo gardamar ba wani boyayye ba ne. Aissa, ƙanwar Illo, ta haihu a Dabaga ran Talata, 'yar fari, suna kuma Talata mai zuwa. Shekara ta biyu ke nan sama ta ƙi. Sojoji sun kwashe duk kamiyo mai ɗaukar kaya da duk babbar motar daji ta gari, suna kai jar dawar taimako ga makiyayan da dabbobinsu suka ƙare. Abin da suka bari shi ne jar motar Illo mai ƙofa biyu, wadda wani Anasara ya ƙetaro hamada da ita ya gaji ya bar masa. Sojan da ya zo dubawa ya leƙa bayanta, ya ga ko buhu ɗaya ba zai shiga ba, ya yi tsaki ya wuce.

Ita kuwa Inna Habsatu, uwar Illo, ta rantse ba za ta sake shigarta ba. Sau ɗaya ya ɗauke ta. A lanƙwasar kasuwa motar ta kwanta gefe, Inna ta bugi ƙofa, kallabinta ya fita ta taga a gaban mahauta. Tun ranar take kiranta raƙumin da ba a hore ba.

Kuma jikar fari ce. Illo ya ga yadda Inna ta ɗaure kayan barka tun ran Alhamis, ta ajiye a bakin ƙofa, tana wucewa tana kallonsu.

Ita ce ta raba gardamar, don gidan da garajin katanga ɗaya ce. Ta fito da ƙwarya cike da ƙasari, ruwan da ta wanke gero da shi, wanda kullum rabon akuyarta ne.

"Kun ishe ni. Alkasum, ka girma kana musu da yaro."

"Yaya, shi ne fa..."

"Ga ƙwarya. Ku ɗora inda zan zauna. Ku je ku komo. In ta dawo da ruwanta, na shiga. Abin da ya zube kuma, ku za ku yi wa akuyata bayani."

Akuyar na tsaye a bayanta, tana kallon ƙwaryar.

Ran Asabar aka yi ta Illo. Suka ɗaga motar da kirik, ya shige ƙarƙashi ya ɗaura masu kaurin gaba da baya, a hudar ciki. Kawu ya zauna a kan tsohon pine, tayar da ta gama aiki, yana ta gunaguni.

"Hudar ciki ta fi tauri, ta waje ta fi laushi. Hannu in ya gajarta, ba ya lanƙwasuwa. Kai, kar ka matse bulon tana rataye! Sauke ta ƙasa tukuna, ta zauna da nauyinta."

Wannan kam Illo ya ji.

Suka yi wa ƙwaryar gammo da tsumma a kujerar gaba. Kawu ya naɗe kansa a baya, gwiwoyi a haɓa. A bariyer, shingen fita gari, jandarma ya ɗaga hannu. Shef Lukumanu ne, dogo, mai ramammiyar fuska.

"Papiers."

Ya duba takardu, ya duba Kawu, ya duba ƙwarya.

"Wannan fa?"

"Fasinja ce, Shef," in ji Kawu.

Shef bai yi dariya ba. Ya ɗaga sandar shingen.

A kan gudron, kwaltar hanyar Arlit, motar ta zama wata aba dabam. Illo ya shiga biraj na farko, ta bi shi shimfiɗe kamar tabarma. Na biyu ya ƙara mata wuta. Ƙasari ya ɗan girgiza ya koma. Ko ɗigo. Wani abu ya buɗe a ƙirjin Illo wanda ya daɗe a rufe. Ya yi ihu, shi da ba a cika jin muryarsa ba.

"Kawu, ka gani? Voilà!"

"Na gani. Yanzu karya dama. Dabaga ba a kan gudron take ba."

Suka sauka kan hanyar ƙasa. Ƙafar hagu ta hau dutse, motar duka ta tashi da ita. Ta dama ta faɗa rami, duka ta bi ta. Kan Kawu ya bugi rufi, ya bugi taga, ya sake bugun rufi. A lanƙwasar farko kafin ƙoramar Telwa bayan motar ya zame ya nemi ya riga gaban. Illo ya juya bolan, wato sitiyari, suka tsaya suna kallon inda suka fito. Ƙwaryar tana kife a cinyar Kawu.

Kawu ya share gemu. "Karanta mini takardar nan kuma."

Da suka dawo akuyar ta leƙa ƙwarya, ta ɗaga kai ta dubi Illo. Inna ta karɓi ƙwaryarta ta shige gida.

Ran Lahadi aka yi ta Kawu. Sirara biyu, a hudar waje. Shef Lukumanu ya sake ganin ƙwarya.

"Ita ce ta jiya?"

"Ƙanwarta ce."

A hanyar ƙasa motar ta tafi lafiya lau, kowace ƙafa tana bin raminta ita kaɗai. Kawu ya fara waƙa a baya. Sai biraj ya zo. Motar ta kwanta a hankali, cikin ladabi, ƙasari ya bi bakin ƙwarya ya malala kan kujera. Biraj na biyu ya malala ta ɗaya gefen. Waƙar ta tsaya.

"Kallabin Inna ya tafi," in ji Illo.

"Rabi ya rage ai."

"Je ka gaya wa akuya."

Suka yi ta dariya har Illo ya tsayar da mota. A gefen hanya akwai ƙasusuwan shanu, farare, jere kamar an shirya su. Dariyar ta ƙare da kanta. Illo ya juya mota.

Isansi, man motar, ya rage bido ɗaya da rabi, wato jarka da rabi. Zuwa Dabaga da dawowa zai ci ɗaya. Gwaji ɗaya ya saura.

Da safiyar Litinin Illo ya jera ƙarafan biyar a ƙasa ya tsuguna a gabansu. Ya daɗe. Yana tuna abin da hannunsa ya ji a bolan. Ran Asabar gaban bai yi masa gardama sosai ba, bayan ne ya yi tawaye. Ran Lahadi bayan ya zauna lafiya, gaban ne ya durƙusa. Ya ɗauki matsakaicin, wanda tun farko ba wanda ya kula shi, mai kaurin babban yatsa.

"Wannan gaba, hudar tsakiya. Naka siririn ya zauna a baya, yadda yake."

Kawu ya karɓa, ya auna a hannu. "Rabin hankalina ka ɗauka."

"Rabin ne mai amfani."

"Ɗan banza. Miƙo kile sha uku in kwance bulon."

Robobin da ke riƙe bar ɗin sun cinye, yana wasa a mazauninsa. Kawu ya yanka sababbi daga tsohon pinen da yake zama a kai. Da za su matse, ya sa Illo ya kawo buhun yashi ya ɗora a kujerar gaba.

"Nauyin uwarka. A matse da shi a ciki."

"Buhu ɗaya ne nauyina?" in ji Inna ta kan katanga. "Ƙara rabi. Fari bai cinye ni duka ba."

A bariyer Shef Lukumanu bai tambayi takarda ba. Ya sunkuyo ta taga.

"Ku faɗa mini gaskiya. Kwana uku ina kallonku. Magani ne?"

Kawu ya faɗa masa. Shef ya saurara har ƙarshe. Ya ce tasa uwar tana Aderbissinat, shekara biyu bai gan ta ba. Sannan ya tsoma yatsa a ƙwaryar, ya ja layi da jiƙaƙƙen yatsan daidai bakin ruwa, ya kankare wurin da farce.

"Ni ne shaida. Allez."

Motar ta bi gudron da 'yar karkata kaɗan. Ta sauka hanyar ƙasa, ta yi rawa, ba ta yi tsalle ba. Lanƙwasar Telwa ta taho. Illo ya rage wuta, ya shiga. Ƙasari ya hau gefen ƙwarya, ya kai baki, ya leƙa waje, ya yi tunani, ya koma. Bayan motar ya bi gaban kamar ɗan raƙumi a ayari.

Suka dawo bariyer. Shef ya duba alamarsa. Ruwan ya sauka da faɗin farce.

"Rana ce ta sha wannan," ya ce, ya ɗaga sanda, har da sara musu.

Inna ta karɓi ƙwarya ta duba, ta juya ta, ta sake dubawa. Ta ajiye wa akuya. Akuyar ta shanye tas.

"Da hantsi za mu tashi," in ji Inna. "A wanke mini kujerar nan, tana tsami."

Ran Talata ta fito da lulluɓinta na baƙin shuni, ta ɗaure kallabi gam, ƙulli biyu. Ta yi bisimilla ta sa ƙafar dama. Kawu yana baya da kayan barka a kan gwiwa. Hannunta ɗaya a ƙofa, ɗaya a hannun rigar Illo.

"A hankali, ɗan nan."

"To, Inna."

Ya tafi kamar mai ɗauke da ƙwai. A lanƙwasar kasuwa ta rufe ido. Da ta buɗe, mahauta suna ɗaga mata hannu, kallabi yana kanta. A Telwa ta saki rigarsa. Bayan nan ta saki ƙofar. Ta fara nuna musu wurare: nan da akwai rijiya, can aka sauke ta tana amarya, wancan dutsen uban Illo ya taɓa ɓatar da raƙumi a bayansa kwana biyu. Illo bai taɓa jin labarin ba.

Suka hango dabinon Dabaga, kore a tsakiyar toka. Lambuna da yawa sun bushe, amma wasu na nan, ana jin kukan igiyar rijiya. Aissa na zaune a ɗaki da jaririya sa'ad da ta ji guɗar mata a waje. Inna ta shiga ba ta ko gaisa da kowa ba, ta karɓi yarinyar ta sa a ƙirji. Aka ce mata sunanta aka sa, Habsatu. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce hancin na Alkasum ne, Allah ya kyauta. Illo na tsaye a bakin ƙofa, hannunsa baƙi da man mota, ya ɓoye shi a baya. Aissa ta jawo hannun ta ɗora a kan jaririyar haka nan.

Da la'asar suka kamo hanya. Inna ta shiga da kanta, ba ta riƙe komai ba. Suka hau gudron. Hanya ta miƙe fetal har gari, hasumiyar masallaci can nesa, ja a cikin rana. Illo yana tafiya a hankali yadda ya yi da safe. Inna ta dubi hanya, ta dubi allurar da ke gaban bolan, ta gyara zama, ta ƙara wa kallabinta ƙulli na uku.

Illo ya dubi Kawu ta madubi. Kawu ya dafe rufi da hannu biyu.

"Wai ni, Illo," ta ce, "iyakar gudunta ke nan?"