Takin Ƙwaƙwalwa

Ranar Laraba ce a watan Satumba, an wayi gari da yayyafi, kogi kuma ya riga ya haura gaɓa. A ranar kwalekwalen yayana Ja'afaru ya kife yana dawowa daga gonarmu ta fadama. Ya tsira da ransa, amma tun daga nan ko ƙarar zuba ruwa a buta ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ba barci, ga mantuwa. Mutumin da ya san kowace hanya cikin ciyawar kacalla ya koma tambayar matarsa Saudatu ko ya yi azahar.

Sai a Disamba ya yarda na kai shi asibiti a Haɗeja. Likita ta ce ciwon fargaba ne, ta rubuta ƙwaya ɗaya kullum da safe.

Na ce, "Likita, mantuwar fa? Kan nasa zai dawo?"

Ta ce, "An gwada a ɓeraye, an ga irin wannan magani yana taimaka wa sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su tsiro. A mutane ba a gama tabbatarwa ba. Ku ba shi lokaci, sai an yi makonni."

A duk maganarta kalma ɗaya na riƙe: tsiro. Tun aji biyu na sakandare na ajiye boko, amma tsiro na san shi. Abin da ke sa tsiro ai taki ne, in ka ƙara masa sai ya yi sauri. Ga irin shinkafar rani na zuba, saura mako uku a yi dashe, kuma ban taɓa riƙe gona ni kaɗai ba. Yaya ne ya san lokacin sakin ruwa da lokacin tare shi.

Kwana goma ban ga canji ba. Na samu Saudatu tana tankaɗe, na ce likita ta bugo waya ta ce a mayar da ƙwayar uku.

"Kai Muttaka, yaushe likita ta fara kiran ka?"

"To ke za ta kira? Wayar taki ko caji ba ta riƙewa."

Ta yi dariya, ta yarda.

A rana ta huɗu, da hantsi, Yaya ya faɗi a tsakar gida. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana amai, haƙoransa na haɗuwa. A keke napep muka mayar da shi asibiti. Da likita ta zazzage kwalbar ta ƙirga, ni ta kalla. Na faɗi gaskiya a gaban kowa.

Yaya na kwance, ana ƙara masa ruwa. Yana kallon silin ya ce, "Kai ne bara ka ƙona mana gefen gona da taki."

"Ni ne, Yaya."

"To wannan ban manta ba."

Bayan an sallame shi ya ce shi da ƙwaya har abada. Saudatu ta yi kuka, Inna ta roƙe shi, ya ƙi. Fargabar ta dawo fiye da da. Iri ya tsufa a inda na zuba shi, na dasa abin da na iya, ruwa ya kwanta masa ya ruɓe.

Sai bayan wata biyu ya koma shan maganin, ɗaya kullum, daga hannun Saudatu kaɗai. Yanzu yana barci. Jiya ya tsaya daga nesa ya kalli kogi. Ko wani abu ya tsiro a kansa, ban sani ba, na daina tambaya.

Abin da muka rasa: kwalekwale ɗaya, shinkafar damina da ambaliya ta ci, shinkafar rani, kwana uku a gadon asibiti, wata biyu na magani. Ko ruwan sha na miƙa masa, sai ya leƙa cikin kofin.