Randar da Ake Kifawa

Hajjo ta gama kwaɓa yumɓu da hantsi, ta shiga rumfa ɗauko randar uwarta, sai ta tarar da wurin wayam. Ba randar ruwa ba ce. Ita ake kifawa, a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa yumɓu a gindinta a bubbuga har ya ɗauki siffarta. Duk randar da ta fito daga gidansu a Digil a kanta aka fara ta. In babu ita, babu gini.

Maƙwabciya ta ce Shafi'u ne, ɗan ƙanin Hajjo, ya ɗora ta a keke jiya. Hajjo ko hannu ba ta wanke ba ta nufi Yelwa, inda ya buɗe shago.

Shagon nasa cike yake da tukwane marasa gindi da tuluna masu baki uku, abin da ya koyo a makaranta, wai na kallo ne. Randar tana kan tebur. Yana riƙe da injin huji, kuma ya riga ya yi mata rami biyu a kafaɗa.

"Ajiye abin nan!"

Ya zabura. "Goggo, sannu da zuwa. Ki zauna in..."

"Na ce ajiye, Shafi'u, kafin in kwaɗa maka yumɓun nan a ido."

Ya kashe injin amma bai ajiye ba. Ya ce fitila zai sa a ciki, haske ya riƙa fita ta ramukan. Za a kai ta baje koli Abuja, a rubuta sunan kakarsa a jiki. Ya riga ya yi wa mutane alkawari, mota na zuwa da la'asar.

"Sunan kakarka? Ita ta aike ka? Da wa ka yi shawara?"

"Na ga ta tsufa ne, ko ruwa ba a zubawa. Na ɗauka an daina amfani da ita."

"Ka ɗauka! A gidanmu ka girma, kana wucewa kullum, ko sau ɗaya ba ka duƙa ka ga abin da hannuna yake yi ba."

Ta miƙa hannu. Ya dafa bakin randar. Suka tsaya haka, ita tana ja a hankali, shi ya ƙi saki, sai wani siririn sauti ya fito. Tsaga ta taso daga rami ɗaya ta nufi ɗayan. Duk suka daskare.

"Saki," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya saki.

Ta naɗe gammo, ta sa shi ya ɗora mata randar da hannu biyu. Ya ce zai tsayar mata da keke napep. Ta ce ramukan hanya za su ƙarasa abin da ya fara, da ƙafa za ta koma.

"To mutanen Abuja fa, Goggo?"

"Ka zo Digil ka durƙusa, ka gina taka a kanta, in ta jure bugu. Sai ka huda abinka yadda ka ga dama. In kuwa ta fashe, gaban mai unguwa za mu, kuma ubanka zai ji da bakina."

Ta fita tana taka ƙasa a hankali, wuyanta a miƙe. Masu babur suna ta hon. Shafi'u ya bar shagon a buɗe, ya sha gabanta yana ɗaga musu hannu su kauce.