Jami'ar Kusa da ta Nesa

Jami'o'i biyu ne suka ɗauki Auta karatun likita, kuma a mako ɗaya saƙonninsu suka shigo wayarta. Tana tsugune gaban baho tana wanke rigunan aikin Baba lokacin da na biyun ya iso. Ta goge hannu, ta karanta, ta ajiye wayar a kan taga, ta ci gaba da cuɗa wuyan riga.

Da Mama na raye, da tuni maƙwabta sun ji. Ita ta fara kiran Auta "likitar gidanmu" tun tana firamare, ranar da ta ɗaure wa kyanwa ƙafa da tsumma. Amma Mama ta rasu a farkon shekarar bayan doguwar jinyar ƙoda, kuma tun daga nan duk abin da ya faru, Auta takan ji shi kamar ana magana a ɗakin maƙwabta.

Jami'a ɗaya tana cikin garinsu, mota ɗaya za ta hau ta sauka a bakin ƙofa. Ɗayar kuwa tafiyar yini guda ce, ta fi suna, an ce ɗakunan gwajinta sababbi ne. Nan da nan kowa a dangi ya zama masani.

"Ta nesa," in ji Kawu, ƙanin Mama, direban babbar mota. "Na sha wucewa ta gabanta. Katangarta kaɗai ta isa ta sa mutum ya yi ilimi."

"Katanga za ta je karantawa?" in ji Gwaggo, yayar Baba. "Ki zauna kusa, 'yar nan. In hawan jinina ya tashi in aika a kira ki, ba sai na bi layi ba."

"Gwaggo, sai fa ta yi shekaru kafin a yarda ta riƙe allura," in ji Yaya, babbar 'yar gidan, malamar firamare.

"Zan jira. Ina za ni?"

Aka yi dariya. Auta ma ta buɗe baki yadda ake yi in ana dariya. Baba dai yana gefe yana kankare baƙin mai daga farcensa.

Ranar da jami'ar kusa ta buɗe ƙofa ga sababbin ɗalibai su zo su gani, Yaya ta ɗauki hutu ta raka ta. Wata ɗaliba mai farar riga da saurin magana ta zagaya da su. Ta nuna musu babban aji mai kujeru hawa-hawa, rabinsu hannayensu sun karye. Ta nuna musu laburare, da wata ƙofar ƙarfe inda ake koyon sassan jiki da gawa, warin magani na fitowa ta ƙarƙashinta. Wata yarinya ta toshe hanci. Auta ta tsaya tana karanta sanarwar da aka manna a ƙofar har ƙarshe.

"Bari mu yanke ta asibitin koyarwa," in ji ɗalibar. "In kun yi nisa, nan ne gidanku, ɗakin kwana sai dai ku riƙa kai masa ziyara."

Yaya ta kama wuyan hannun Auta. "Mu zagaya ta waje."

"Ba komai, Yaya."

Barandar tana nan yadda take: dogayen benci masu koren fenti, masu jinya zaune da filas da tabarma a naɗe. Akwai wani fasasshen tayil da tayar keken marasa lafiya kan maƙale a ciki. Ƙafar Auta ta tsallake shi tun kafin idonta ya gan shi.

Sai ga wata nas ta fito daga ɗakin wankin ƙoda da faranti a hannu. Ta tsaya cak, fuskarta ta washe.

"A'a! 'Yar maman gadon bakin taga! Kwana biyu. An mayar da ni wani sashe, sai kwanan nan na dawo. Ya jikin nata?"

"Da sauƙi," in ji Auta.

"Madalla. Ki gaishe ta da kyau. Ki ce ina nan ina jiran saƙar da ta ce za ta koya mini."

"Za ta ji."

Nas ta wuce, farantinta na ƙara. Suka fita bakin titi. A wurin jiran mota Yaya ta juya wa mutane baya, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Auta ta riƙe mata jaka. Tana kallon wani mutum a tsallake yana ɗaure katifa a kan rufin mota, igiyar tana ta kwancewa.

"Me ya sa kika ce mata haka?" Yaya ta tambaya bayan ta share ido.

"Ban sani ba. Shi ya fito."

Ba ta bi Yaya gida ba, ta sauka a shagon Baba. Shagon cike yake da fankoki marasa kai da firji biyu da aka cire wa baya. Baba yana zaune a kan kujerarsa ta ƙarfe, fanka a cinya, tabarau a kan hanci.

"Kun gani?"

"Mun gani."

"Ya take?"

"Kujerun ajin sun karye."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe. "Kun bi ta ciki ke nan."

Ta gyaɗa kai.

"Auta, kada ki duba ni. Inda za ki iya zama ki yi karatu, can za ki."

"Wa zai kula da gida?"

"Gidan ƙafa gare shi da zai gudu? Ga yayarki, ga Gwaggonki da ba ta barin mutum ya huta."

Ta jira ta ji wani abu, ko tsoro ko ɗoki, don ta san inda zuciyarta ta karkata. Ba abin da ya zo. Sai ta ciro wayar, ta buɗe shafin jami'ar nesa, ta danna inda aka ce ta karɓa.

"Na zaɓi ta nesa, Baba."

"To, Allah Ya sa albarka." Ya miƙo mata fankar. "Riƙe mini nan, kusar tana zamewa."

Ta riƙe.

Kawu ne ya kai ta, yana ta nuna mata katangar tun daga nesa. Aka ba ta gadon sama a ɗaki mai gado huɗu. Wadda ke ƙasa, wata mai yawan surutu, ta tambaye ta me ya sa ta baro gari mai asibitin koyarwa ta taho nan.

"An ce ɗakunan gwajinsu sababbi ne," in ji Auta.

Da yamma Baba ya kira. Ya tambaya ko akwai ruwa, ta ce akwai. Ko wutar na zama, ta ce tana zama. Ko ta ci abinci, ta ce za ta ci. Tambayoyin suka ƙare, amma ba wanda ya kashe wayar. Tana jin ƙarar titi ta bayansa, da fankar da yake gwadawa. Can wani ya yi sallama a ƙofar shagon, Baba ya ce, "Ga mai firji ya zo, sai gobe."

"Sai gobe, Baba."

Ta sauko daga gadon, ta tambayi ta ƙasan ta ina ake bi zuwa ɗakin cin abinci.