Yawun Assana Ya Ƙafe

Assana tela ce a Zongo, kuma da zare abin ya fara. Ta kai shi baki don ta jiƙa ta zura a allura, ya fito a bushe. Daga nan burodi ya daina wuce mata sai da ruwa, harshenta ya riƙa mannewa in ta daɗe tana magana da masu kawo ɗinki. Ga kasala, ga jin sanyi a cikin zafin nan na Lomé, har mayafi biyu takan yafa a shago.

Ba ta gaya wa kowa ba. Da irin wannan ƙishirwa ciwon sukarin innarsu ya fara, kuma ita ta yi jinyarta har aka yanke mata ƙafa.

Yayarta Meimuna ce ta lura, ranar da ta ga ledojin ruwa tsibi a gindin keken ɗinki.

"Ke kaɗai kika shanye waɗannan?"

"Yaya, tsoro nake ji," in ji Assana.

Meimuna ta ja ta zuwa wani asibiti a unguwar Amoutivé. Likitar, mace ce, ta lalubi gaban wuyan Assana, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta miƙa mata kofi ta ce ta tofa. Assana ta yi ta kokawa da bakinta, ɗan kumfa kawai ya fito.

Da suka koma karɓar sakamako, likitar ta ce su zauna.

"Ba sukari ba ne," in ji likitar. "Garkuwar jikinki ce ta juya tana yaƙar wata 'yar tsoka a wuyanki, tiroyid, ta kuma taɓa inda yawu yake fitowa. Mata ya fi kamawa."

"Zan warke?"

"Akwai ƙwayar da za ki riƙa sha kullum da safe, kasalar za ta ragu. Yawun kam ba zan yi miki alkawari ba. Ki riƙa kurɓar ruwa, ki kula da haƙoranki."

Meimuna ta yi ta hamdala har bakin titi. Assana kuwa ta tsaya cak.

"Yaya, azumi ya kusa. Yaya zan yi wuni guda ba ruwa?"

 Meimuna ta sallami mai babur ɗin da ta tsayar, ta kama hannun ƙanwarta suka koma ciki suka sake bin layi don su tambayi likitar.