Dattijuwa Ta Hau Tudu

Motar da marigayi ya bari ta girmi babban ɗansa, ta kuma fi shi taurin kai, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Koriya ce shar a zamanin ƙuruciyarta, yanzu koren ya dushe. Ƙarfe ce zalla daga hanci har baya, idan ka rufe ƙofarta sai maƙwabta sun ji a jikinsu. Dattijuwa marigayi yake ce mata, sunan kuma ya bi ta. Tun ranar da ya rasu take tsaye a gareji an lulluɓe ta da tsohon zanen gado, ba mai tayar da ita.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Mai Ɗinki, ita kaɗai ke shiga garejin. Takan ɗage zanen, ta goge gilashi, ta zauna a kujerar mai zaman banza inda ta zauna tun tana amarya. Ƙamshin tsohuwar fata da na man inji yana nan yadda yake. Kujerar direba kuwa ba ta taɓa zama a kai ba, ko da wasa.

Babban ɗan nata shi ne wanda ake kira Akanta. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne, mutum ne kawai da bai son ganin abu a ajiye ba ya aiki. Shi da iyalinsa suna sama, uwar tana ƙasa, sabuwar motarsa kuma tana kwana a waje ƙarƙashin bishiya, tsuntsaye suna yi mata abin da suka ga dama. Wata safiya ya shigo ɗakin ɗinki da tsumma a hannu, ransa a ɓace.

"Umma, don Allah ki duba lamarin nan. Mota fa ba kayan ado ba ce. Na yi magana da mai gwangwan, ya ce zai turo janwe ta ja ta."

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keke. "Mai gwangwan? Wanda ke farfasa ƙarfe da guduma?"

"To ya za a yi? Ni ban iya mota mai giya ba, ƙannena ba su iya ba. Babu mai tuƙa ta."

"Ni zan tuƙa ta."

Ita kanta ba ta san maganar tana bakinta ba sai da ta fito. Akanta ya so ya danne dariya, ta ƙwace masa. Wannan dariyar ce ta ɓata komai, don da ya yi shiru, wataƙila da zuwa yamma ta janye maganarta. Ya ce shi ke nan, ya ji ya yarda: idan ta samo lasin da wannan motar kafin ƙarshen watan gobe, gareji nata ne har abada. Idan ba ta samu ba, janwe ta zo.

"Allah ya kai mu," in ji ta, ta ci gaba da taka kekenta kamar ba a yi komai ba. 

Don kada a ce bai taimaka ba, ya ɗauke ta a tasa motar zuwa wani fili, ya ce ta fara gwadawa da mai sauƙi. Kai, wannan mota akwai surutu! Ba ka ɗaura bel ba ta yi ƙara, ka matsa kusa da bango ta yi ƙara, wata mace a ciki tana gaya maka inda za ka juya kamar ita ta haife ka. Babu makulli, sai maɓalli. Injin yana aiki ko ya mutu, ba ka sani ba. Mai Ɗinki ta zagaya filin sau ɗaya lafiya lau, ta fito tana yamutsa fuska.

"Ya kika ji, Umma?"

"Ban ji komai ba. Ita ta tuƙa ni."

Sai ta aika aka kira ƙanin marigayi, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya zaunar a gida. Direba ya zo yana ɗingishi, ya yaye zanen, ya tsaya yana kallon motar har idonsa ya kawo ruwa. Da ya ga ta lura sai ya maze.

"Matar Yaya, ke da ko keken yara ba ki taɓa hawa ba? Ki bari in rubuta wasiyya tukuna."

"Rubuta. Me ka tara da za ka bar wa mutane, in ban da surutu?"

Ya canza batir, ya zuba mai, ya hura tayoyi, ya yi ta lallashin injin da sunaye masu daɗi. Dattijuwa ta yi tari, ta yi atishawa, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama ruri, har kwanukan da ke kicin suka ɗauki rawa. Mai Ɗinki ta dafa bango. Rabonta da wannan ƙarar tun mai ita yana raye, sai ta ji kamar yanzu zai leƙo ya ce ta yi sauri sun makara.

Koyo kam ba a cewa komai. Sitiyarin nauyi gare shi, sai ka sa ƙarfin kafaɗa. Giya ba ta shiga sai ka roƙe ta. Duk wannan ta jure, ta iya ribas, ta iya kwana, ta iya fakin tsakanin duro biyu. Abu ɗaya ya gagare ta: kuloci. Da ta ɗaga ƙafa sai motar ta yi tsalle kamar akuya ta mutu. A kan shimfiɗaɗɗen fili ma haka, balle a tudu, kuma kowa ya sani akwai wani tudu bayan ofishin gwaji inda ake tsayar da mutum a ce ya tashi ba tare da ya zame baya ba. Nan mutane ke faɗuwa.

"A hankali! Na ce a hankali!" Direba yana ihu. "Ki ji inda take kamawa!"

"Ina zan ji? A kunne ko a hanci?"

"A ƙafa, baiwar Allah, a ƙafa!"

Kwanaki suka yi ta tafiya. Akanta ya daina dariya, ya koma kallon tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Wata rana ta dawo daga fili a gajiye, ta cillar da takalma, ta zauna a keke don ta ƙarasa wata rigar siliki da aka matsa mata. Direba ya biyo ta yana mita, ya zube a kujera yana jiran ruwan sha. Siliki yadi ne mai santsi, wurin zagaye wuyan riga ba ya son gaggawa, sai ka bi shi allura ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafunta suna kan matakin keken, ɗaya tana dannawa ɗaya tana saki, ba ta ko kallonsu. Direba ya daina mita, ya ƙura wa ƙafafun nata ido. Can ya miƙe, ya manta da ciwon baya.

"Tashi mu koma."

"Ka haukace? Yanzu muka dawo."

"Tashi, Matar Yaya. Kuma ki bar takalman nan a nan."

Ta shiga motar ƙafa ba takalmi. Ƙarfen kuloci ya sha taku har ya yi sumul, da ɗan lotsawa a gefe inda ƙafar marigayi ta cinye shi. Ta ɗora tafin ƙafarta a wurin, ta fara saki kaɗan-kaɗan kamar tana zagaya wuyan riga. Sai ga shi: wata 'yar rawa ta taso daga cikin ƙarfen ta shiga ƙafarta, motar tana cewa na shirya. Ta ba ta totur da ɗaya ƙafar. Dattijuwa ta zame gaba sumul, ko gyaɗa kai ba ta yi ba.

"Na ji ta!" Mai Ɗinki ta ƙwala ihu. "Wallahi na ji ta!"

"To kalli gabanki, kada ki ji bango ma!"

Daga ranar abin ya zauna. Suka fara fita titi, tsofaffi suna ɗaga mata hannu, masu babur suna rage gudu su leƙo. A gidan mai wani dattijo ya zagaya motar yana shafa ta, ya ce irinta ubansa ya kai shi makaranta da ita. Mai Ɗinki ta lura ba wanda ya taɓa shafa motar Akanta, amma ta bar wannan a cikinta.

Ranar gwaji ta zo daidai da ƙarshen wa'adi. Ta yi kwalliya, kuma a nan ta yi wauta: ta ce ba za ta je gaban ma'aikatan hukuma kamar mahaukaciya ba, ta sa sababbin takalma masu tauri. Direba ya kalli takalman, ya buɗe baki, ta harare shi, ya rufe.

Mai gwajin wani dogo ne mai gilashi, fuskarsa kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ya dubi motar, ya dube ta. "Mama, da wannan za a yi?"

"Da ita, ɗana."

Ya shiga yana neman maɓallin sauke gilashi. Ta nuna masa hannun da ake murɗawa. Suka tashi da ɗan tsalle, suka yi kwana, suka yi ribas. Sai tudu. A tsakiyarsa, inda ya fi miƙewa, ya ce, "Tsaya nan." Ta tsaya, ta ja birkin hannu. Kafin ta numfasa wata doguwar baƙar mota sabuwa fil ta zo ta manne mata a baya, har tana hango haƙoran mai ita a madubi.

"Tashi," in ji mai gwaji.

Ta saki kuloci. Ta cikin takalmin nan ba ta ji komai ba. Dattijuwa ta yi tsalle ta mutu. Na baya ya danna hon, na bayansa ya taya shi. Gumi ya keto mata. Ta hango janwe, ta hango guduma tana sauka a kan koren bonet ɗin nan, tsoro ya kama ta sosai.

"Saura dama ɗaya, Mama," ya ce, a karon farko da ɗan taushi a muryarsa.

Ta sunkuya ta tuɓe takalmin hagu, ta tuɓe na dama, ta rasa inda za ta ajiye, ta miƙa masa. "Riƙe min."

Mutumin nan, da gilashinsa da muƙaminsa, ya karɓa. Ta murɗa makulli, Dattijuwa ta amsa. Ta bar masu hon da haukansu, ta rufe kunnenta, ta saurari ƙafarta. Kaɗan. Kaɗan. Rawar ta zo. Hancin motar ya ɗan ɗago, ta ba ta totur, ta sauke birkin hannu. Ko faɗin yatsa ba ta zame baya ba. Dattijuwa ta haye tudun tana ruri, ta bar wa baƙar motar hayaƙi ta shaƙa.

A saman tudu mai gwaji ya yi wani sauti. Ta zaci tari ne, ashe dariya ce. "Mama, na daɗe a aikin nan, yau ne farkon riƙe wa mutum takalmi. Kin ci. Amma don Allah ki nemi masu laushi."

Direba da ya ji labari ya yi rawa a bakin ofishin da bayan nan nasa mai ciwo. Ita ta tuƙo su gida, yana gefe yana ba duk wanda suka wuce labari ta taga.

Suna shan kwanar layinsu ta ga janwe. Tana tsaye a ƙofar gida, ta tare hanya, sarƙarta tana lilo, mai gwangwan yana zaune a ciki yana jira. Ƙofar gareji a buɗe, sabuwar motar Akanta kuma tuni ta shige ciki ta miƙe ƙafa. Ashe yaron nan ko jiran sakamako bai yi ba. Abin ya soke ta, amma daɗin da ke ranta ya fi ƙarfin fushin.

Ta ɗora hannu a kan hon ta danna, ba ta ɗaga ba. Hon ɗin Dattijuwa ba irin na yanzu ba ne mai kukan kyanwa. Tagogi suka buɗe, maƙwabta suka fito, mai gwangwan ya zabura har ya buga kai. Ta leƙo ta taga. "Malam, ka tare min ƙofa!" Janwe ta yi baya, ta yi baya, har ƙarshen layi, mutane suna tafi.

Akanta ya sauko da gudu, ya yi turus. Ya dubi Direba, Direba ya ɗaga masa gira. Ya dubi uwarsa a bayan sitiyarin ubansa, hannu ɗaya a kan giya, gwiwar hannu a taga. 

"Umma... kin ci?"

"Cire min motarka daga wurina."

Ya juya da sauri yana goge ido da bayan hannu. Sabuwar motar ta fito da baya tana ƙararta, ta koma ƙarƙashin bishiya. Sannan ya dawo ya tsaya a bakin gareji, ya ɗaga hannu biyu yana yi mata alama. "Taho, Umma. Taho, akwai wuri."

Ta sa giya ta ɗaya ta shiga.