Wanda Ya Zauna Shi Ke Zuba Ruwa

A garin Cacak ba a barin matafiyi ya tashi haka nan a bushe. Da mota ta motsa sai a kwarara ruwa a bayanta, don hanya ta tafi sumul yadda ruwa ke gudu. Kuma wanda ya zauna a gida shi ke zubawa, matafiyi ba ya zuba wa kansa. Wannan ko yaro ya sani. Shi ya sa ran Zorka ya ɓaci matuƙa da ta ga ɗanta Predrag ya ɗauko butar tagullar gidan, ya cika ta, ya danƙa wa ubansa a hannun da ke da sauran ƙarfi.

"Baba, bana aikin naka ne," in ji Predrag, yana irin murmushin da ake yi wa majinyaci. "Ka zuba mana da yawa, hannunka da albarka."

Milisav, mijin Zorka, ya dubi butar. Mutumin da tun Predrag yana rarrafe shi ke tuƙa gidan nan kaf zuwa bakin teku a Sutomore duk watan Yuli, yau ga shi an zaunar da shi a kujera a bakin ƙofa, cikin rigar sanyi, an naɗe masa wuya da mafila, rana kuwa har ta fara cizo. Tun kaka ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne. To, likita ya faɗi nasa. Unguwa kaf ta san promaya ce, iskar nan da ke ratsa mutum in an bar taga biyu a buɗe suna kallon juna. Ba a garejinsa aka tsince shi ba, ƙofa a buɗe, taga a buɗe? Kuma duk cikin masu tsoron promaya babu kamar Zorka. Shekara da shekaru ita ce mai doka a mota: taga ɗaya tak, ita ma kada ta wuce faɗin yatsa, ko da kuwa mutane za su dahu. Tun da ya kwanta ta rufe shi a ɗaki, har ƙasan ƙofa ta toshe da tsumma.

"Akwai wuri a motar nan," in ji Zorka. "In yara suka matsa, ni da shi za mu shiga."

Surukarta Bilyana, da ke ƙoƙarin cusa laima a but ɗin mota, ta ɗago. "Haba Mama. Ga zafi, ga kwazazzabon Moraca. In wani abu ya same shi a can, wa za a kama?"

"Mun gama wannan maganar tun jiya," in ji Predrag. "Ku huta a gida. Baɗi, in ya ji sauƙi, da kaina zan ɗora shi a gaba."

Baɗi. Zorka ta ga idon likita ranar da suka koma awo, ta kuma san abin da ido ke faɗi in baki ya ƙi. Mai yi maka alkawarin baɗi bai san wanda zai kai ba. Amma ta haɗiye maganar, ta miƙa musu kajin da ta gasa tun asuba, ta sumbaci jikokinta.

Mota ta tashi. Predrag ya danna hon, ya leƙo ta taga yana jiran ruwa. Yara suna ɗaga hannu. Milisav na zaune, buta a kan cinyarsa, ko motsi bai yi ba har motar ta sha kwana.

"Tsoho, ka manta ba ka zuba ba," in ji Zorka.

"Ban manta ba." Maganarsa yanzu a hankali take fita, kamar yana ɗauko kowace kalma daga ƙarƙashin gado. "Wanda ya zauna ke zubawa."

"To ba ga ka a zaune ba?"

"Ni ban zauna ba. Ajiye ni aka yi."

Zorka ta tsaya tana kallonsa. Kunya ta kama ta, sai kuma fushi ya biyo baya ya kori kunyar. Ta shiga ciki, ta sauko da makullin tsohuwar jar motarsa daga jikin ƙusa. Ta zuba magungunansa a jaka, da katin shaidarsu, da burodi, da tumatir, da sauran dafaffen ƙwai. Daga ƙasan kabad ta zaro gajeren wandon da yake shiga teku da shi, wanda ya koɗe har ba a san launinsa na fari ba. Tuƙi dai ta iya, in ana kiran zuwa asibiti da dawowa tuƙi. Dutse kuwa ba ta taɓa hawa ba.

Tana fama da cusa ƙafarsa mara lafiya a mota sai ga kan maƙwabciyarta Stana ya ɓullo ta saman shinge. Stana ba ta taɓa rasa ganin komai ba a layin nan.

"Zorka, asibiti kuma? Ba ranarku ba ce yau."

"Teku za mu. Zo ki zuba mana ruwa."

"Teku! Ke da wa? Kin haukace ne, ko zafi ya taɓa ki?"

"Ruwa na ce ki zuba, ba awon kaina ba."

"Ba da hannuna ba," in ji Stana, tana yin alamar gicciye. "Ki je ki kashe mutumin kirki a kan dutse, a ce har da ni? Yanzun nan zan kira Predrag."

"Ki gaishe shi. Hannun kuma riƙe abinki, ki ba kajinki ruwa da shi."

Haka suka fita a bushe, ba ko ɗigo a bayansu. Zorka ba ta taɓa tafiya haka ba tun da aka haife ta, kuma tsoron ya zauna mata a ciki daram. Milisav kuwa ya ƙi sakin butar. Ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, duk ramin da suka faɗa sai ta ɗan tofa masa ruwa a wando.

Hawan dutsen Zlatibor ta yi shi da addu'a da giya ta biyu. Motoci suka jeru a bayanta kamar masu rakiyar gawa. Wani direban tirela da ya samu ya wuce ya leƙo yana ihu.

"Goggo, mota kike tuƙawa ko saniya kike ja?"

"Uwarka nake kai wa kasuwa!" in ji Zorka, ta cikin gilashi a rufe, don haka bai ji ba. Milisav ya ji. Kafaɗarsa mai lafiya ta yi ta girgiza, kuma rabonta da ganin dariyarsa tun kafin kaka.

Waya ta yi ta ruri a cikin jaka, sunan Predrag na haskawa. Ta bar ta ta gaji don kanta. A kan iyakar ƙasa ma'aikaci ya duba katunansu, ya dubi tsohon da ke naɗe da mafila a tsakiyar Yuli.

"Baba, ina aka nufa?"

Zorka ta buɗe baki za ta amsa masa, kamar yadda ta saba tun da ya kwanta, sai Milisav ya riga ta.

"Teku," ya ce. Kalmar ta fito a karkace, amma ta fito.

Bayan iyaka ne rana ta tsaya a ka. Tsohuwar mota ba ta da na'urar sanyi, ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa. Zorka ta sauke nata gilashin faɗin yatsa, yadda doka ta ce. Gumi na bin wuyan Milisav yana shiga mafila. Ta lura yana ta laluben hannun murɗa gilashi na gefensa, amma gefen dama ne, hannun da ya mutu, na hagun kuma bai kai ba.

"Bar shi," ta ce. "Nawa a buɗe yake."

"Buɗe."

"Ka san abin da promaya ta yi maka. So kake ta ƙarasa ɗaya ɓarin?"

"Zorka." Ya daɗe yana tattaro sauran. "Kin fitar da ni daga ɗaki, kin sa ni a wani ɗakin mai taya."

Maganar ta soke ta. Ta tuna duk shekarun da ya yi yana tuƙi a wannan hanya, riga ta manne masa a baya, yana roƙon taga kamar mai roƙon gishiri, ita kuwa tana hanawa don tana son sa. Ta tsare shi daga iska iya ƙarfinta, ciwo ya zo ya same shi duk da haka. Tsoron bai tafi ba, ƙarya ne a ce ya tafi. Amma ta gangara gefen hanya ta tsaya, ta fito, ta zagaya, ta buɗe ƙofarsa. Ta warware mafilar, ta cire masa rigar sanyin, ta jefa su baya. Ta murɗa gilashinsa har ƙasa. Ta koma wurinta, ta yi alamar gicciye, ta murɗa nata shi ma har ƙasa.

"In ta kashe ka," ta ce, "wallahi ba zan sa maka baƙin kayan makoki ba."

Iska ta shigo ta nan ta fita ta can, ta watsa farin gashinsa, ta ɗaga takardar da aka naɗe burodi. Milisav ya rufe ido ya ba ta fuska.

Kafin a gangara kwazazzabon Moraca, bayan an wuce garin Kolashin, akwai wani idon ruwa a gefen hanya inda Milisav ke tsayawa kowace shekara a ci kaza. Nan suka tarar da Predrag. Ya ajiye motarsa, yana tsaye a bakin titi, hannu a ƙugu, fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Bilyana da yara na ƙarƙashin bishiya. Yana hango jar motar ya shigo gabanta, dole Zorka ta taka birki.

"Mama! Me kika yi haka? Stana ta ce..." Sai idonsa ya faɗa kan tagogin. "Duka biyu? Duka biyu kika buɗe masa? Ke?"

"Ni. Matsa, kana tare hanya."

"Ba inda za ku. Ki juya, in bi ku a baya har gida. Kin san abin da ke gaba kuwa? Maza ma hannunsu na rawa a Moraca."

"Nawa tun Cacak yake rawa, ga mu nan mun iso."

"In ya mutu a hanya fa?"

"In ya mutu a ɗaki fa? Ka fi son haka don ba za a ce da kai komai ba?"

Idon Predrag ya kaɗa. Ba mugun ɗa ba ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa, kuma a nonon Zorka ya sha shi. Ya zagayo gefen ubansa, ya durƙusa a bakin taga, ya sassauta murya.

"Baba, kai ka faɗa mata. Ka gaji, ko? Mu koma gida ka kwanta. Teku ba inda za ta."

Milisav ya dube shi. Ya ɗago butar da hannun hagu, a hankali, ya tura ta ta taga har ta taɓa ƙirjin ɗansa. Sauran ruwan bai fi rabi ba.

"An fito da mu a bushe," ya ce. "Kai ne a tsaye. Zuba."

Zorka ba ta jira ta ji amsa ba. Ta sa giya, ta hau titi, hanya ta fara gangara zuwa bakin kwazazzabo, dutse a hagu, rami a dama. Ta ce wa kanta ba za ta duba madubi ba, sai ga idonta a ciki. Predrag na tsaye a tsakiyar ƙura da buta a hannu, yana ƙara ƙanƙancewa. Ya daɗe haka. Sannan ta ga ya yi gudu kaɗan, ya watsa ruwan a titi da dukan ƙarfinsa, har butar ta kusa kuɓuce masa.

"Ya zuba?" in ji Milisav, don wuyansa ba ya juyawa.

"Ya zuba."

"Duka?"

"Duka, tsoho."

Ya gyaɗa kai, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nata a jikin giya.

"To taka ta," ya ce. "Kina tafiya kamar mai jan saniya."