Hular Baba Abdulwahidu

Hoto ɗaya tak Baba Abdulwahidu ya yarda a ɗauke shi, shi ma sai da ɗansa Munzali ya kwana uku yana lallashi. Tsohon ya haura saba'in, kuma in ban da na fasfo ba shi da hoto ko ɗaya a duniya. Aikin ido ne ya kawo shi Kuala Lumpur, aka cire masa yanar da ta hana shi gani shekara tara, kuma a yammacin nan zai koma gida. Munzali ya gaya mini a lif, murya ƙasa-ƙasa, cewa likitoci sun gano wani ciwo a hantarsa, ba sa zaton zai ga wata Sallar.

Ni ce Kezia, maƙwabciyarsu a hawa na sha huɗu a unguwar Bukit Jalil. Ni nake ɗaukar hotunan bukukuwan 'yan Najeriya a ƙarshen mako, kuma na sha cika baki cewa babu inda kyamarata ba ta gani.

Ina shiga falon na ga akwai matsala. Likita ya hana haske mai ƙarfi ya taɓa idon Baba, don haka an ja labule, an kashe fitila, an kuma gargaɗe ni kada in kunna filasha. Ga hadarin ƙarfe huɗu ya rufe gari ruf. Baba na zaune cikin farar shadda da farar hula, bayansa farin bango, a cinyarsa jikansa Rayyan ɗan kwana tara cikin farin shawul.

Na saita, na danna maɓallin kyamarar rabi. Gilashin kyamarar ya fito, ya koma, ya sake fitowa yana gurnani kamar injin markaɗe, ya ƙi tsayawa. Fuskar Baba dishi-dishi. Na buɗe idon gilashin har ƙarshe, na ƙara wa hoton haske, duk a banza. Akwai 'yar jar fitila a gaban kyamarar da ke taimaka mata a duhu, amma ni da hannuna na liƙe ta da salatif ranar Lahadi a coci, don Fasto ya ce tana ɗauke hankalin masu waƙa. Ko da na ɓare ta ma, cikin idon Baba za ta haska. Na gwada murɗa gilashin da hannu, amma a wannan duhun ban yarda da idona ba, kuma ba ni da damar kuskure.

Wayar Munzali ta yi ƙara. Direban da zai kai su filin jirgi ne, ya ce ruwa ya sauko, hanya za ta cushe, minti biyar kawai zai iya jira. Rayyan ya fara mutsu-mutsu.

"'Yata, ko mu haƙura ne?" in ji Baba a hankali. "Dama ni ban saba ba."

Na dubi Munzali. Ya kawar da kai. Haushin kaina ya kama ni, ni da cika bakina.

Sai na tuna abin da na sani tun ranar da na sayi kyamarar: ba fuska take nema ba, wurin da fari ya haɗu da baƙi take nema. Ni kuwa fari nake ta nuna mata a kan fari. A saman akwatin Baba akwai hula zanna mai zanen baƙi da ruwan goro, wadda ya ajiye don saukarsa a Kano.

Yarinya kamata ba ta cewa dattijo ya sauya hula. Na durƙusa har ƙasa.

"Baba, ka yi mini afuwa. Da za ka sa waccan, da aikin ya yiwu."

Na zaci na ɓata komai. Can ya miƙa hannu, Munzali ya ɗauko masa, ya kafa ta da kansa. Na mai da saitin kan ɗigo ɗaya na tsakiyar allon kyamarar, na ɗora shi a bakin hular, daidai saman girarsa. Gilashin ya motsa sau ɗaya ya tsaya cak. Na riƙe numfashi, na danna.

Wayar ta sake ƙara, Munzali ya ɗauki akwati. Amma Baba ya ce a nuna masa tukuna. Na rage hasken allon, na kai masa kusa. Kowane gashin gemunsa ya fito, ga ɗan hannun Rayyan riƙe da babban yatsansa. Ya daɗe yana kallo. Sai a lokacin na tuna shekara tara rabonsa da ganin fuskarsa sosai.

"Ikon Allah," ya ce. "Wannan ai babana ne. Haka yake sak, kuma ba mu da hotonsa." Ya share gefen idonsa da bakin riga, ya juya wajen ɗansa. "Munzali, ka ce direban ya ƙara haƙuri. Zo ka zauna kusa da ni, ta ɗauki wani."